Abin da ke ɓoye a bayan “ai tsufa ne”

Idan dattijo ya fara miƙa hannu nesa kafin ya karanta saƙon da ya shigo wayarsa, ko tsohuwa ta kira jikarta ta zura mata zare a allura, amsar da ake bayarwa a gida ɗaya ce: ai tsufa ne. Idan ta daina gane mai sallama sai ya yi magana ta shaida muryarsa, tsufa ne. Idan ya fara tuntuɓe da buta a tsakar gida, yana bugun kafaɗa da bakin ƙofa, alhali har yanzu yana karanta Alƙur'aninsa bayan asuba, shi ma tsufa ne. Maganar ba ƙarya ba ce, tunda duka ukun shekaru ne ke jawo su. Sai dai cututtuka uku ne da ba su haɗa hanya ba, kuma zuba su a buhu ɗaya da muke yi shi ne ke cinye idanun iyayenmu fiye da tsufan kansa.

Tsakanin 2005 da 2007 an yi binciken makanta na ƙasa baki ɗaya a Najeriya, inda aka duba idanun sama da mutum 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. An samu kashi 4.2 cikin 100 makafi ne, kuma Arewa maso Gabas da Arewa maso Yamma su ne kan gaba, Kudu maso Yamma ce ta fi sauƙi. A tsakanin 'yan shekara arba'in da wani abu makafi ba su kai ɗaya cikin 100 ba, amma a waɗanda suka haura 80 abin ya kusa ɗaya cikin huɗu. Alƙaluman sun kwana biyu, amma abin da suka nuna har yau yana da amfani: kashi 84 cikin 100 na wannan makanta ana iya kauce mata ko magance ta. Yanar ido ita kaɗai ta ɗauki kusan kashi 43, hawan jinin ido ya biyo da kusan 17. Tsofaffin masu makantar da mu kuwa, ƙyanda da amosanin ido da makantar da ƙudan bakin rafi ke kawowa, suna ja da baya. Gana ta rabu da amosanin ido a matsayin matsalar lafiyar al'umma a 2018, Nijar kuma a farkon 2025 ta zama ƙasar Afirka ta farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta kawar da makantar rafi. Abin da ya rage, kuma yake ƙaruwa, shi ne na shekaru.

A fara da mai sauƙin. Can bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi garai-garai, girmansa bai wuce ƙwayar wake ba. A ƙuruciya yana da laushi, wata jijiya da ta kewaye shi tana sa ya kumbura idan za a kalli abu na kusa, ya baje idan za a hangi nesa. Tun daga yarinta yake taurarewa a hankali ba tare da an lura ba, sai wajen shekara 40 zuwa 45 taurin ya kai inda rubutun da ke tafin hannu ba ya fitowa. Wannan babu wanda yake tsallake shi, malami ko manomi, mai cin nama ko mai cin tuwo. Babu ganye ko zuma ko kwalli da ke mayar da laushin. Tabarau na karatu ne kawai ke yin aikin da madubin ya gaza, ana fara shi da lamba kamar +1.00, ana ƙarawa duk bayan 'yan shekaru har wajen +2.50 ko +3.00 a kusa da shekara 60, daga nan ya tsaya.

Sunan “tabarau na karatu” shi ne ya cuce mu, domin ya sa wanda bai yi boko ba yana ganin ba nasa ba ne. Alhali mai ɗinkin hula, da tela, da mai gyaran waya ko agogo, da mai tsintar tsakuwa a shinkafa, da mai kitso, da mai ƙirga canji a shago da magariba, duk da ganin kusa suke cin abinci. An gwada wannan a gonakin shayi na Assam a Indiya, aka wallafa sakamakon a 2018: masu tsinkar ganyen shayi da aka bai wa tabarau sun ƙara yawan abin da suke tsinka a rana da sama da kashi 20 cikin 100 a kan waɗanda ba a ba su ba. Mace nawa ce a Kano ko Zariya ko Damagaram ta ajiye ɗinkin hula tana da shekara 48, ta ce ido ya tafi, alhali abin da ya raba ta da sana'arta bai kai kuɗin turmin atamfa ba? Akwai kuma camfin cewa tabarau na kashe ido, wai da ka fara sawa ba ka iya rabuwa da shi. Abin da ke faruwa shi ne taurin madubin yana ci gaba ko an sa ko ba a sa ba, mutum kuma da ya ɗanɗana gani tangaram ba ya son komawa lalube.

Tabarau na tebur da ake sayarwa a kasuwa, in dai idanun biyu daidai suke, yana biyan buƙata, ba na cikin masu kushe shi. Haɗarinsa ɗaya ne: mutum ya gwada, ya ga rubutu ya fito, ya ɗauka an gama da maganar ido, ya yi shekara goma babu wanda ya leƙa cikin idon.

Wannan madubin dai shi ne ke zama yana. Sinadarin da aka gina shi da shi jiki ba ya sabunta shi, wanda aka haife ka da shi a tsakiyarsa shi za ka mutu da shi. Shekaru da zafin rana da hayaƙin taba da ciwon suga suna dafa shi sannu a hankali, kamar yadda farin ƙwai ke tashi daga garai-garai ya koma fari a kan wuta. Saboda haka yana ba wata fata ba ce da ta tsiro ta rufe ido daga waje, wadda za a kankare ko a narkar da magani, a ciki take. Ta bambanta da hakiya, wadda tabo ne a saman baƙin ido. Mai yana yakan ce kamar kullum a hazon hunturu yake, fitilar mota da daddare tana tarwatse masa, rana tsaka ta fi damunsa a kan inuwa, launin shadda fara ya koma ruwan ƙasa. Akwai wata alama mai yaudara: wani tsohon sai a ga ya ajiye tabarau ya koma karatu da idonsa, 'yan gida su yi ta murna cewa ganin Baba ya dawo. Sau da yawa yanar ce ta fara canja ƙarfin madubin, ta gyara kusa ta ɓata nesa, kuma murnar ba ta daɗewa.

Maganinta aiki ne, kuma yana cikin ayyukan tiyata da suka fi nasara a duniya. Ana kashe zafin idon da allura ko da maganin ɗigawa, mutum yana farke, a yi 'yar ƙaramar kafa a fitar da madubin da ya dafu, a saka na roba a gurbinsa, yawanci cikin minti 15 zuwa 30. Washegari a cire bandeji. Madubin roban nan wani likita ɗan Ingila, Harold Ridley, ya fara saka shi a Landan a 1949, bayan ya lura cewa ɓarɓashin robar tagar jirgin yaƙi da ya shiga idanun matuƙa a Yaƙin Duniya na Biyu yana zaune lafiya, ido bai ƙi shi ba. Ya daɗe yana da tsadar da talaka ba ya iyawa, sai a farkon shekarun 1990 da aka fara ƙera shi da araha a Madurai ta Indiya, da Kathmandu ta Nepal, da Asmara ta Eritiriya, farashin ya faɗi warwas. Shi ya sa yau ake yin aikin a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano wanda ya daɗe yana karɓar marasa lafiya har daga Nijar da Cadi da Kamaru, da asibitin Makka, da asibitocin koyarwa da na jihohi da dama.

To me ya sa har yanzu yana ke riƙe da kambun makanta? Kuɗi da nisa suna ciki, da rashin mai rakiya, musamman ga tsohuwar da mijinta ya rasu, wadda sai 'ya'ya sun ga dama. Amma akwai wata magana da muka gada: “a bari ta nuna.” Tana da asali. A da, irin aikin da ake yi sai a ciro madubin ɗungurungum, a bar mutum da tabarau mai kaurin gindin kwalba, don haka likitoci da kansu sukan ce a jira sai gani ya ƙare tukuna. Aikin ya canja, maganar ta zauna. Yanzu lokacin aiki shi ne ranar da yana ta fara hana mutum harkarsa, ko tuƙi ne ko karatu ko zuwa masallaci shi kaɗai. Wadda aka bari ta wuce nuna ma tana iya kumbura ta toshe magudanar ruwan ido, ta kawo ciwo mai tsanani, ta kashe jijiyar gani cikin kwanaki.

A wannan jiran ne mai tura yana na gargajiya yake samun kasuwa. Sana'ar tsohuwa ce ƙwarai, an rubuta ta a Indiya tun kafin haihuwar Annabi Isa, kuma ita duniya ta dogara da ita har tsakiyar ƙarni na 18 lokacin da Jacques Daviel a Faransa ya fara ciro yana waje. Mai yin ta yana soka tsinke ko allura ta gefen ido, ya ture madubin ya faɗa can cikin ido. Nan take haske ya shiga, tsoho ya ƙirga yatsu, jama'a su yi kabbara, a biya. Dole a yi masa adalci a kan abin da ya sa ake zuwa wurinsa: shi ke zuwa har ƙofar gida, da harshen mutane yake magana, yana karɓar akuya ko hatsi, kuma ba a biyansa sai an gani. Amma idon da aka raba da madubinsa ba a sa wani ba inuwa kawai yake gani sai da tabarau mai kauri, madubin da aka jefa ciki kuma yakan tada kumburi, ko ya ɗaga matsin ido, ko allurar ta shigar da ƙwayar cuta. Kafin wannan ya bayyana mai aikin ya yi kasuwa uku gaba. Binciken nan na ƙasa ya samu cewa kusan rabin idanun da aka taɓa saboda yana ta wannan hanya aka taɓa su, abin ya fi yawa a Arewa, kuma kusan uku cikin huɗu na waɗannan idanu makafi ne a ranar da aka duba su. Garin neman gira ke nan.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni tsoro. Ido yana yin wani ruwa a cikinsa dare da rana, wanda ba hawaye ba ne, ruwan kuma yana fita ta wata 'yar magudana mai kama da rariya. Idan rariyar ta fara toshewa matsi ya taru, sai ya riƙa danne jijiyar gani, wadda damin zare ce sama da miliyan ɗaya da ke kai hoto ƙwaƙwalwa. Duk zaren da ya mutu ya mutu ke nan. Likitoci suna kiran cutar gilakoma, mu kuma muka sa mata hawan jinin ido, sunan da ke rikita mutane, domin wanda aka auna jininsa a hannu aka ce lafiya lau sai ya ɗauka ya tsira, alhali awo biyu ne daban. Matsin ido na yawancin masu lafiya yana tsakanin 10 da 21 a ma'auninsa, ko da yake akwai waɗanda jijiyarsu ke lalacewa matsin bai wuce haka ba, shi ya sa awon matsi kaɗai bai isa ba sai an leƙa jijiyar.

Daga gefe take fara ci. Tsakiyar gani, wadda ake karatu da gane fuska da ita, ita ce ta ƙarshe. Ido ɗaya yana rufa wa ɗaya asiri, ƙwaƙwalwa tana cike giɓin da abin da take zato, babu ciwo, babu ja, idon baƙi wuluk kamar na mai lafiya. Dattijon nan mai tuntuɓe da buta yana karatu, shi ne wannan. Cutar ta fi kama baƙar fata, tana fara mana da wuri, tana kuma saurin kaiwa ga makanta, kuma ana gadonta ƙwarai. A binciken Najeriya kusan mutum ɗaya cikin 20 na masu shekara 40 zuwa sama yana da ita, waɗanda suka san suna da ita ba su kai 6 cikin 100 ba, ɗaya cikin biyar kuma ya riga ya makance.

Ga inda cututtukan biyu ke cutar da juna. Mai gilakoma ya ce ganinsa na raguwa, sai maƙwabta su ce yana ce, a bari ta nuna. A zauna ana jiran farin da ba zai taɓa fitowa ba, ranar da aka kai shi asibiti likita ya ce babu abin da ya rage. Wani kuma an kai shi da sauran gani kaɗan, aka yi masa aikin buɗe sabuwar magudana. Wannan aiki manufarsa tsare abin da ya rage, ba ya dawo da komai, wani lokaci ma gani yakan ɗan ƙara dusashewa na makonni. Idan ba a zaunar da iyali an yi musu wannan bayani ba, labarin da zai koma unguwa shi ne “an yi wa Malam aikin ido a asibiti, bai gani ba.” Tsohuwar da ke gidan gaba, wadda yana ce kawai da ita kuma rabin awa ya ishe ta, ta ji wannan ta ce ita kam ba mai taɓa mata ido. Haka ake rasa ido biyu da labari ɗaya. A ganina laifin nan ba na jama'a kaɗai ba ne: asibitin da likita ɗaya ke ganin layin mutane tun safe har la'asar ba ya barin minti biyar na bayani, kuma waɗannan minti biyar ɗin rabin magani ne.

Riƙon gilakoma sai da haƙuri. Maganin ɗigawa ne kullum har ƙarshen rai, mutum yana saye duk wata, ba ya kuma ganin wani sauyi, domin nasarar maganin ita ce kada komai ya canja. Da wuya ka shawo kan mai cefanen gida ya ci gaba da biyan kuɗin abin da ba a ganin amfaninsa. Shi ya sa likitoci da yawa a Afirka suke karkata ga aiki da wuri, ko hasken leza da ke buɗe rariyar. Wani gwaji da aka yi a Moshi ta Tanzaniya, aka wallafa a 2021, ya nuna leza ta riƙe matsin ido a kusan ninki biyu na idanun da maganin ɗigawa na timolol ya riƙe bayan shekara guda. Timolol ɗin ma, mai asma ko mai raunin bugun zuciya ya gaya wa likita kafin a rubuta masa.

Sai azumi. Mutane da yawa suna ajiye maganin wata guda cur saboda suna jin ɗacinsa a maƙogwaro, kuma a mazhabar Malikiyya abin da ya isa maƙogwaro abin lura ne. Hukuncin na malamai ne, amma ta ɓangaren likita akwai mafita: wasu magungunan sau ɗaya ake ɗiga su da daddare, masu sau biyu kuma ana iya mayar da su sahur da buɗa-baki. Sannan idan aka ɗiga aka rufe ido, aka danne lungun ido na jikin hanci da yatsa kamar minti biyu, an toshe hanyar da maganin ke bi ya gangara maƙogwaro. Wannan dabarar tana da amfani ko ba a azumi, domin tana tsare maganin a inda ake son sa.

Akwai kuma gilakomar da muke saya da kuɗinmu. Ido ya yi ja ko ƙaiƙayi da ƙurar hunturu, ko afolo ta zaga gari, sai a je kemis a karɓo ɗan kwalba mai sa ido ya yi fari cikin kwana biyu. Da yawansu suna ɗauke da sinadarin sitiroyid, irin su dexamethasone da betamethasone, wanda idan aka daɗe ana ɗigawa yana ɗaga matsin ido a wasu mutane, yana kuma kawo yana. Daɗin da yake bayarwa ne ke sa a mayar da shi abokin zama.

Ciwon suga yana da nasa hanyar: yana lalata ƙananan jijiyoyin jini na shimfiɗar bayan ido, su riƙa yoyo ko su fashe, shi ma shiru har sai ya yi nisa. Duk mai suga yana buƙatar a ɗiga masa maganin buɗe ido a leƙa ciki sau ɗaya a shekara, kuma kada ya yanki tabarau a lokacin da sugan ke sama, domin lambar za ta canja idan ya sauka. Lalacewar tsakiyar wannan shimfiɗa saboda tsufa, wadda ita ce babbar mai makantar da tsofaffin Turai da Amurka, ba ta kai haka yawa a cikinmu ba. Abin da ba ya jiran gobe kuwa shi ne gani ya ɗauke farat ɗaya, ko mutum ya ga walƙiya da tarin baƙaƙen ɗigo kamar ƙudaje sun taso lokaci guda, ko wani labule ya sauko daga gefe, ko ido ya yi ja da ciwo har da amai.

Gangamin aikin ido kyauta da gwamnatoci da attajirai da ƙungiyoyi ke ɗaukar nauyi ya dawo wa dubban mutane da gani, kuma duk tsohon da ya ajiye sanda ya saki yaron da ke masa jagora ya koma makaranta. Amma gangami yana son abin da ake ƙirgawa a faɗa a rediyo, yana kuwa ita ce ke ƙirguwa: an yi wa mutum kaza, sun gani. Mai gilakoma ba shi da hoton cire bandeji, abin da yake buƙata ma'aikacin ido ne a babban asibitin ƙaramar hukumarsa, da na'urar awon matsi mai aiki, da magani mai araha a wata na goma sha uku kamar yadda ya samu a na farko. Ko ga masu yanar ma, ingancin aiki yana rataye da abubuwan da gaggawa ke tsallakewa: a auna tsawon ido kafin a zaɓi lambar madubin roba, a kuma samu wanda zai duba mutum bayan mako ɗaya da bayan wata. Wasu bayan shekara ɗaya ko biyu hazo yakan dawo, su ce yana ta sake tsirowa. Jakar da aka zaunar da madubin a ciki ce ta dusashe, kuma leza na 'yan mintoci ke share ta, in akwai wanda ya gaya musu su koma.

Wanda ya kai 40 ya je yankan tabarau, tambaya biyu ce zai yi kafin ya tashi daga kujera: an auna matsin idona, kuma an leƙa jijiyar? Idan an karanta allo kawai an miƙo gilashi, ba a duba gilakoma ba. Idan kuma aka tabbatar da ita a jikin Baba ko Inna, ko akwai kakan da ya makance idonsa baƙi ba tare da fari ba, to 'yan'uwansu na ciki ɗaya da 'ya'yansu su ne layi na gaba a awo, kuma su ba sai sun jira 40 ɗin ba.